Fuskar 'Yardada a Robar Takalmi

In ka shiga Yakasai ka ce gidan Hauwa'u Sule kake nema, za ka sha yawo a lunguna, kowa yana tura ka gaba. Amma ka ce 'Yardada mai firintin, tun ba ka rufe baki ba za a nuna maka ƙofar, wata shuɗiya mai tabon fenti kala-kala a jikin marfinta. Sunan kakarta ta wajen uba ta ci, ba mai iya kiran sunan gatsal a gidan, shi ya sa aka laƙaba mata 'Yardada, ya bi ta har ta fara furfura. Wasu kuma ba sa wahalar da kansu da suna, cewa suke yi, "Ki je gidan matar nan mai dariya."

Dariyar kuwa ta kai a yi kwatance da ita. Daga zaure ake jiyo ta. Tana da wushirya, ga kumatu, in abu ya ba ta dariya sai ta dafa cinya ta sunkuya, ta ɗago tana share ido da gefen mayafi. Ko wanda bai ji abin da aka faɗa ba sai ya tsinci kansa yana taya ta.

Mahaifinta, Malam Sule, hatimi yake sassaƙawa. Teburinsa na gindin wata darbejiya a hanyar Ƙofar Wambai, shugabannin makarantu da 'yan ƙungiya da 'yan kasuwa duk nan suke zuwa a yi musu hatimin da za su riƙa bugawa a takarda. Bai taɓa sayen kayan aiki ba. Lemar da iska ta karya yake tsinta, ya zare ƙarafunan nan masu kwarmi, ya wasa bakinsu a dutse, ya naɗa musu tsumma a matsayin ƙota. Da su yake yanka haruffa a jikin roba, a juye, domin in an buga su fito daidai. 'Yardada ce 'yar gaban goshinsa. Duk ranar da ba makaranta tana gefen teburin tana tattara ɓarɓashin roba, har ta iya karanta rubutu a juye kafin ta iya karanta shi a miƙe. Malamar ajinsu ta taɓa aikowa gida cewa yarinyar nan boko take rubutawa daga dama kamar ajami. Malam Sule ya yi dariya har da tari, ya ce a bar masa 'yarsa, gado ta yi. Shi dai aikinsa bai wuce rubutu da tauraro da zobe ba. Bai taɓa sassaƙa fuskar kowa ba, ba a kuma taɓa nema ba.

'Yardada ta auri Mukhtar, mai sayar da turare a kasuwar Kurmi, ita ta gan shi ta ce ya yi mata. Ƙawayenta sun yi ta mamaki, don Mukhtar irin mutanen nan ne da za ka zauna da su daga azahar har la'asar ba ka ji komai daga bakinsu ba sai gyaran murya. Suka zauna lafiya abinsu. 'Yarsu ɗaya ce, Nusaiba, yanzu tana aure a Zariya.

Lokacin da aka fara yayin rabon kaya a biki, bokiti da kofi da jaka da ɗan littafin rubutun nan da ake kira memo, kowanne ɗauke da hoton ango da amarya, 'Yardada ta ga sana'ar da ta yi kama da ta ubanta. Ta koyi yadda ake ɗaura raga a firam, a zuba fenti, a ja shi da roba hoto ya fito, ta mai da rumfar tsakar gidanta wurin aiki. Bokitai da kofuna a Wambai take ɗauka, a shagon Hajiya Mabruka, jikar Larabawan da suka zauna a cikin gari tun zamanin fatauci, mace mai faɗar magana yadda ta zo mata. Ciniki ya haɗa su, suka zama ƙawaye. Amaren da suka bi ta hannun 'Yardada Allah kaɗai ya san yawansu, kuma duk mai gajeren hanci sai ta fito a jikin bokiti da ɗan ƙarin tsayi, ba tare da ta roƙa ba.

"Ranar farin cikinta ce," in ji 'Yardada. "In ban taimaka mata ba wa zai taimaka mata?"

A dangi kuwa komai ita ce. Suna, biki, rasuwa, sulhun miji da mata, rakiyar asibiti, abu ɗaya ake cewa: a kira 'Yardada. Ita kuma amsarta ɗaya ce, "Ba komai." An kawo aiki a ƙurarren lokaci, ba komai. An ari tukunyarta an dawo da ita ba marfi, ba komai. Har Hajiya Mabruka ta koma kiranta Hajiya Ba-komai.

Bayan rasuwar Malam Sule da wasu shekaru, mahaifiyarta, wadda suke kira Umma, ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke. 'Ya'yanta biyu ne, 'Yardada da yayanta Ilu, ma'aikacin gwamnati da ya yi gini a bayan gari. Aka zauna shawarar inda za a kai ta, ba a gama gyara zama ba 'Yardada ta ce ba komai, a kawo ta Yakasai.

Shekaru Umma ta yi a kwance a ɗakin da tagarsa ke kallon rumfar aiki. 'Yardada ce juyawa, ita ce wanka, ita ce ba da kunu da cokali. Tana jan fenti tana leƙen taga, tana ba Umma labarin amaryar da ake bugawa da irin rowar da dangin ango suka yi a lefe, don dai ta ga gefen bakin tsohuwar ya motsa. Yaya Ilu yakan zo ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, da ledar lemon zaƙi a hannu. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Umma, ya jiki?" Ya yi addu'a, ya duba agogo, ya tafi. Umma kuwa ruwa ma da dabara take haɗiya, balle lemo.

Ta rasu farkon damina, da hantsi, 'Yardada na riƙe da hannunta. Kafin a dawo daga maƙabarta gida ya cika. 'Yardada ta ɗaure ɗankwali ta shiga hidima: a shimfiɗa tabarma nan, a kai wa mutanen Zariya abinci can, a nemo wa wance maganin ciwon kai. Masu zuwa yi mata gaisuwa su ke kuka, ita ke ba su haƙuri. Kowa ya fita yana cewa 'Yardada akwai tawakkali.

Ita dai jira take yi. Ta ɗauka in baƙi suka watse kukan zai zo. Baƙi suka watse, aka naɗe tabarmi, bai zo ba. Ta koma rumfa ta ci gaba da buga amare. Dariyarta ma tana nan, in an faɗi abin dariya da kanta take fitowa, kamar rediyon da makunninsa ya lalace. Sai dai akwai abin da ya tokare mata ƙirji wanda ba ta san sunansa ba. Kewa ce, amma ba kewa kaɗai ba. Wani lokacin sai ta ji kamar ta ɗauki bokitin mutane ta maka da ƙasa. Wani lokacin kuma in ta farka da asuba ta tuna ba wanda za ta juya, sai ta ji wani sauƙi, sauƙin kuma ya ba ta kunya.

Ranar da ta shiga kwashe kayan Umma don a raba wa mabuƙata, a ƙasan akwati ta ci karo da wani gwangwanin alewa da ya yi tsatsa. Ta buɗe, sai ga ƙarafunan lemar Malam Sule, tsumman jikinsu ya yi baƙi da gumin hannunsa. Ta ɗauki ɗaya ta gwada a farcenta, har yanzu yana ci. Ta zauna a bakin gado tana jujjuya shi. Washegari da ta je Wambai ɗaukar kofuna, ta ratsa layin masu kayan takalma ta sayi falle ɗaya na robar da ake yanka ƙasan takalmi da ita, mai santsi, faɗinta kamar faifai.

Hajiya Mabruka ta ga robar a hammatarta ta ce, "Ke kuma ɗinkin takalma za ki koma?"

"Hatimi zan yi."

"Hatimi wannan girman? Na wace ma'aikatar?"

"Nawa," in ji 'Yardada, ta yi dariya, don ita ma ba ta gama sanin abin da take nufi ba.

A cikin adaidaita ta gane. Shekara da shekaru tana buga fuskokin 'ya'yan mutane, ba ta taɓa buga tata ba. Kuma ba irin ta jikin bokiti take so ba. So take ta ga abin nan da ya tokare ta, ko da wace kama yake.

Aikin ya zo da matsalar da ba ta zata ba. Ta jingina madubi a rumfa, ta ɗauki biro za ta zana, tana haɗa ido da kanta sai baki ya washe. Ta haɗe rai, ta sake kallo, wushirya ta sake bayyana. Fuskar ta saba, da ta ga mutum sai ta yi masa maraba, ko da mutumin ita ce. Ta gwada tuno abin baƙin ciki, sai ta fito kamar 'yar wasan kwaikwayo da aka ce ta yi kukan kishi. Ranar abin da ta zana wata amarya ce mai ɗan kama da ita, ta sa soso ta goge.

Sai ta ɗauke madubin ta kai shi gindin rariya inda take wanke-wanke, ta jingina shi da bango, ta ƙyale shi har ta manta yana nan. Wata rana tana tsugune tana kankare ƙanzon tukunya, hankalinta ya tafi wani wuri, ta ɗago za ta ɗauki sabulu, sai ta ga wata mata tana kallonta. Gira a haɗe da tsaga a tsakani, leɓe a datse ya ɗan karkace gefe guda, idanu kamar na wadda ta yini a tasha mota ba ta cika ba. Kafin fuskar ta ankara ta yi murmushi, 'Yardada ta riga ta gan ta.

"To, sannu," ta ce da matar. "Ashe kina nan."

Ta ɗauraye hannu ta zana ta a jikin robar tun ba ta manta ba.

Sassaƙar ta cinye mata la'asar da yawa. A wannan aikin, inda ka yanke shi ke fitowa fari, inda ka bari shi ke ɗaukar fenti, kuma abin da ka yanke ba ya dawowa. A firintin ɗinta na kullum in hanci bai yi ba sai a gyara, nan kuwa ba gyara. Ta fara da ɗankwali don shi ne mai sauƙi, ta gangaro goshi. Da ta zo tsagar gira hannunta ya so ya sassauta, ya yi mata irin taimakon da take yi wa amare, ta hana shi. Ɓarɓashin roba ya bi gidan ko'ina, har Mukhtar ya tsinci ɗaya a miyar kuka, ya ɗaga ya duba, ya ajiye a gefen kwano ya ci gaba da cin tuwonsa. Abin da ya ba ta mamaki shi ne tana yankan tana jin daɗi. Duk layin da ta ja sai ta ji kamar ta furzar da wata magana da ta daɗe a bakinta. Wajen ido ɗaya ƙarfen ya zame ya ja dogon layi har kumatu. Ta yi salati, ta duba, ta ga ba yadda za ta yi, ta bar shi.

Bugun farko fenti ya yi yawa, abin da ya fito kamar gindin tukunya. Ta wanke robar, ta shafa baƙin fenti sama-sama da soso, ta kifa bayan tsohuwar kalanda a kai, ta bi ta goge da bayan cokali lungu-lungu. Da ta ɗaga takardar, matar gindin rariya ce ta fito, baƙi a kan fari, tana kallon mutum ba ko ƙiftawa. 'Yardada ta daɗe tana kallonta. Sannan ta maƙale ta a igiyar shanya, tsakanin zaninta da singiletin Mukhtar, don ta bushe.

Ranar Juma'a ce. Bayan an sauko daga masallaci Yaya Ilu ya yi sallama, rabonsa da gidan tun da aka share makoki. Maganar bikin ɗansa Umair ya zo da ita: memo da jaka da bokiti, sannan girkin yinin biki, wanda a ganinsa ba sai an tambaya ba. Ta shimfiɗa masa darduma a rumfa, ta kawo ruwa. Yana cikin faɗin abin da za a dafa idonsa ya sauka a kan igiya.

"Wace ce wannan mai fuskar shanu?" Ya tashi ya matsa, ya gyara tabarau. "Tsaya, na gane ta. Goggo Aminat ce, ƙanwar Baba, wadda ta bi mai yankan wuta da taɓarya. A ina kika samo hotonta? Amma ita ai ba ta da bille."

"Ba bille ba ne, hannuna ne ya zame. Kuma ba Goggo ba ce. Ni ce."

Yaya Ilu ya yi dariya, ya juyo don su yi tare kamar yadda suka saba, ya tarar ita ba ta yi. Ya kalli takardar, ya kalle ta, ya sake kallon takardar. Ya koma ya zauna.

"Wani ne ya ɓata miki rai?"

"Yaya, na gaji."

"Ai dole, hidimar nan da aka sha."

"Ba gajiyar makoki ba. Tun ranar da aka kawo Umma gidan nan ban yi barci ya ishe ni ba. Bayana har yau in na sunkuya sai na dafa bango nake miƙewa. Kai kuwa ka zo ka tsaya a bakin ƙofa kamar mai kawo takardar wuta, ka ajiye lemo ka tafi. Ranar rasuwa ina ji ana cewa Ilu ya yi ƙoƙari, bai taɓa fashin Juma'a ba. Ina ɗauke da kular shinkafa na ji, na ce haka ne." Muryarta ba ta ɗaga ba, ita kanta ta yi mamakin yadda maganar ke fitowa a jere kamar an daɗe da shirya ta. "Ina jin haushinka, Yaya. Ina jin haushin kaina. Kuma ina kewarta, har ban san inda zan sa kaina ba."

Ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Ba na iya shiga ne," ya ce. "Matar da take ɗaga turmi ita kaɗai, in gan ta ana juya ta kamar jaririya. In na taho, tun daga Ƙofar Nasarawa gabana ke faɗuwa. Sai in tsaya in sayi lemo don kada in shigo hannu rabbana. Ke kuma kullum na zo kina dariya, sai in ce to, ita tana iyawa."

"Lemon da ba ta iya sha."

Ya ɗago. "Ba ta sha?"

"Ko ɓari ɗaya."

"To wa yake shanyewa?"

"Ni mana. Wa zai bar lemo ya ruɓe? Na sha lemo, Yaya, har na tsane shi. Yanzu ko a baro na hango shi sai haƙorana su mutu."

Shi ya fara, wani sauti ya ƙwace masa, tsakanin dariya da shessheƙa. Ita ma dariyar ta taso mata, ta dafa cinya ta sunkuya, amma da ta sunkuya ba ta ɗago ba. Kukan da ta yi watanni tana jira, ta nan ya biyo. Ta yi shi sosai, da majina da komai, a tsakanin bokitan bikin mutane. Yaya Ilu bai ce ta yi haƙuri ba. Ya zauna yana share nasa da hularsa, hular Juma'a mai tsada.

A haka Mukhtar ya dawo daga kasuwa ya same su, idanu jajur. Ya yi sallama, ya gaisa da Yaya Ilu. Ya je zai ɗauke singiletinsa a igiya, sai ya tsaya a gaban takardar.

"Kin fito sosai," ya ce.

"Abban Nusaiba, ka gane ni?"

"Yo ba ke ba ce? Haka kike in kina tsintar shinkafa, haka kike in kina tsefe kai. Ni wannan na fi sani. Waccan ta baƙi ce."

"Shekara da shekaru kana gani, ba ka taɓa cewa komai ba?"

"Na ga kamar ba kya so a gani." Ya ƙara da cewa, "Kuma ni tana burge ni."

Yaya Ilu ya face hanci, ya ce tun da aka ɗaura auren nan bai taɓa jin Mukhtar ya yi magana mai tsawon wannan ba.

Kafin Yaya Ilu ya tafi ta gaya masa cewa memo da bokiti za ta buga, don sana'arta ce, amma girki a nemi masu yi. Ya ce to. Ya kai zaure ya dawo, ya ce ko za ta buga masa hoton nan guda ɗaya. Yana nan a falonsa cikin gilashi, in baƙi sun tambaya sai ya ce ƙanwarsa ce, su yi ta musu.

Ranar bikin Umair 'Yardada ta ci ado da leshi, ta zauna a kujera a sahun gaba, aka kawo mata abinci har inda take, abin da rabonta da shi tun tana budurwa. Gishiri ya yi wa miyar yawa, naman kuma bai dahu ba. Ta cinye tas, tana ci tana kushewa, ta ce da ta kusa da ita ashe daɗin biki ke nan, shi ya sa mutane ba sa fashi.

Labarin hoton ya kai Wambai, Hajiya Mabruka ta rufe shago da wuri ta zo ganin ido. Ta tsaya a gabansa tana ƙare masa kallo. Can ta ce, "Wannan ai ni ce in na koma gida na cire mayafi." Sai kuma 'yar kasuwar cikinta ta farka. "Ki buga min ita a bokiti. Wallahi duk matar da ta gani sai ta saya."

"A'a."

Hajiya Mabruka ta dafe ƙirji. "Me kika ce? Sake faɗa in ji."

"A'a, Hajiya. Ba za a yi wanki a cikin fuskata ba."

"Ikon Allah. To yi min tawa, in rataye a ɗaki."

"Ba zan iya ba. Ni wadda kike nuna min na sani. Ki sayo roba ki zo ranar Asabar, akwai madubi."

Ta zo, ba ita kaɗai ba. Ta janyo wata nas mai ritaya, Malama Bahijja, wadda duk unguwar ke shakkar gaisuwarta, da wata mai kitso maƙwabciyarsu. Ƙarafunan Malam Sule ba su ishe su ba, aka bi gida-gida ana tambayar karyayyar lema, 'Yardada ta wasa musu baki a dutse yadda ta ga ubanta yana yi. Mai kitson ta ce ita zuciyarta ba ta kwanta da sassaƙa fuska ba. 'Yardada ta ce ba dole, ta yanka abin da ranta ya kwanta da shi, sai ta sassaƙa ƙofar gidan da ta taso a Jakara, wanda aka rushe aka yi shaguna. Da aka buga ta riƙe takardar ta yi ta ba su labarin kowane ɗaki da ke bayan ƙofar.

Hajiya Mabruka ta yanke yatsa, ta zagi robar, ta zagi wanda ya sayar mata. Da tata ta fito, mai faɗan nan da 'yan dako ke tsoro, sai ga wata mata mai manyan idanu kamar yarinyar da ta ɓace a kasuwa. Ta naɗe takardar ta cusa a jaka, ta ce duk wadda ta kai labari Wambai ita da ita ne. Ta Malama Bahijja kuwa da wani murmushin shaƙiyanci ta fito, na wadda ta san sirrin kowa a unguwa. Ta kalla ta ce, "Yo shekara nawa ina yi wa manyan mutane allura suna ihu, ku kuna tsammanin ba na jin dariya?"

Har yanzu sukan haɗu in Asabar ta zo ba biki. 'Yardada na nan tana buga amare, tana ƙara wa masu buƙata tsayin hanci. Ta sake sassaƙa kanta ba sau ɗaya ba, kuma ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Akwai wadda ta fito tana hamma.

Wata Asabar bayan matan sun watse, ta fito daga kicin ta tarar da Mukhtar a rumfa, ya ɗauki ragowar roba da madubi, ya ƙura wa kansa ido kamar mai shirin aski. Ta ƙyale shi. Makonni ya yi yana yanka kaɗan-kaɗan in ya dawo daga kasuwa. Ranar da ya gama, ita ta shafa masa fenti, shi ya goge da cokali. Suka ɗaga takardar tare. Mukhtar ne sak, da gemunsa da komai, sai dai kunne ɗaya gare shi.

"Abban Nusaiba, ina ɗaya kunnen?"

"Inda ya kamata in bari na yanke."

"Sai ka sake wata."

Ya karkata kai ya duba da kyau. "Bar shi. Dama ta wannan gefen kike zama, dariyarki ta daɗe da ƙarar da shi."

Ya kai ta shagonsa a Kurmi ya liƙa a tsakanin kwalaben turare. Shekaranjiya ma an gan shi a layin masu kayan takalma yana taya sabuwar roba. Ya ce wannan karon da rawani zai yi kansa, a huta da maganar kunne.